Amsar tambaya kan jiragen ruwa masu tafiya da iska na Zanzibar da Basra

Assalamu alaikum jama'a. Malam, ka tambaya yadda jiragen fatauci na da suke kai kaya Zanzibar babu inji, da yadda ake sallamar ma'aikatan ciki. To, abin gaba ɗaya a hannun iska yake.

Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar tana busowa daga arewa maso gabas, Suwahilawa suna ce mata kaskazi. Ita ke gangaro da jiragen Kuwait da Oman zuwa Lamu, Mombasa, Zanzibar, a gaɓar gabashin Afirka. Afrilu na yi sai ta juya, kusi ke nan, ta mayar da su gida. Kenan sawu ɗaya ne a shekara, wata tara ko goma mutum bai ga iyalinsa ba. Kuma komawar nan ba ta son jinkiri. Wanda ya tsaya jiran bashi har Yuni, iskar ta riga ta yi ƙarfin da jirgin katako ba zai ɗauka ba, dole ya zauna sai ta lafa wajen ƙarshen Agusta, cin abincin mutum 20 ko 30 duk a wuyansa.

Kayan zuwa dabino ne na Basra ta ƙasar Iraƙi, har girman jirgi ma da yawan buhunan dabinon da yake ɗauka ake faɗinsa. Na dawowa kuma sandunan boriti, itacen da ke fitowa cikin taɓon bakin kogin Rufiji a Tanzaniya. Ƙasashen Gulf ba su da isasshen itacen gini, to wannan ne azararsu a lokacin. Da korja ake sayarwa, korja ɗaya sanda 20. Lodinsa shi ne aikin da ya fi cin matuƙan jirgi, ga taɓo, ga sauro, zazzaɓi ya kwantar da mutane.

Jikin jirgin katakon tik ne, wani itace mai ƙarko, daga gaɓar Malabar ta Indiya. Babban abokin gabarsa tsutsar ruwa, tana huda katako ta ciki, waje lafiya lau, sai an ga ruwa yana tsatsowa. Maganinta, idan ruwa ya cika a ja jirgin kusa da gaɓa a tokare shi, ruwa na janyewa a kankare gindin, a dafa farar ƙasa da kitse a shafe da hannu. Saman kuma man kifi ake shafawa don kada rana ta tsaga katakon.

Ƙyallen da ke kama iskar mai kusurwa uku ne, rataye a wani dogon itace da ya kusa tsawon jirgin. In za a sauya gefe sai an juya wa iska baya, a miƙar da itacen tsaye, a zagayo da shi ta gaban turken da ke tsaye cikin jirgin yana riƙe da shi, duk da ƙarfin damtse. In iska ta bugo ana tsakiyar juyin, ƙyallen ya yage ko itacen ya karye.

Batun biya, babu albashi. Ana fitar da kuɗin abinci, sauran a raba biyu, rabi na mai jirgi, rabi a kasa wa ma'aikata. Nahoda, wato shugaban jirgi, da masu riƙe akala kasonsu ya fi na ƙaramin matuƙi. Abin da ke sosa mini rai shi ne bashin da nahoda ke ba matuƙi kafin tashi ya bar wa gida. In kakar ba ta yi kyau ba kason bai biya ba, baɗi dole ya sake bin jirgin.

Alhazanmu na hanyar ƙasa ma a irin waɗannan jiragen, da ake kira sambuk, da yawansu suka tsallaka daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda. Bayan Kuwait ta fara fitar da man fetur a 1946 matuƙa suka koma aikin albashi, jiragen da suka rage aka sa musu inji.