Tambayoyin Masu Karatu: Wace Hukuma Za Mu Nufa a Jihar Kaduna?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun karkata ga yawan hukumomin gwamnatin jiha, da ruɗanin da jama'a ke shiga wajen gane wadda za su nufa idan buƙata ta taso. Mun zaɓi uku daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya: Ni tela ne a Kasuwar Barci. Kullum ina jin ana ambaton ma'aikata kaza da hukuma kaza a rediyo, shin akwai bambanci a tsakaninsu? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Akwai bambanci, Malam. Ma'aikata ita ce uwa, kwamishina ne ke riƙe da ita bayan Majalisar Dokokin Jiha ta tantance shi, kuma babban aikinta shi ne tsara manufa da sa ido. Hukuma kuwa doka ce ke haifar ta domin wani aiki takamaimai: majalisar da ke zama a Lugard Hall ta zartar, gwamna ya sa hannu, dokar kuma ta fayyace abin da hukumar za ta yi da inda ikonta ya tsaya. Akwai guda uku da ba majalisar jiha ce ta ƙirƙiro su ba, domin sashe na 197 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya wajabta wa kowace jiha ta kasance da su, wato hukumar kula da ma'aikatan gwamnati, da ta kula da ma'aikatan shari'a, da hukumar zaɓe ta jiha. Ta ƙarshen ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 23 na jiharmu, ita ce kuma ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a zaɓen 2018.

Tambaya: Na sayi fuloti a bayan gari da kuɗin gadon mahaifina. Ina da takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun shaidu huɗu da na mai unguwa, har na sauke bulo da yashi. Sai wata maƙwabciya ta ce kada in kafa harsashi sai na je KADGIS, mijinta kuma ya ce KASUPDA zan je. Wanne ne daidai? Daga wata mai karatu a Rigachikun.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya sa albarka a abin da ya bari. Maƙwabciyarki da mijinta duk sun faɗi gaskiya, sai dai kowannensu ya kama gefe ɗaya ne na maganar, kuma ya kamata ki fara da wadda matar ta ambata.

Tushen lamarin yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana ga jama'a. Saboda haka abin da kika saya, a idon doka, 'yancin zama ne da amfani da filin, kuma takardar da ke tabbatar da wannan 'yanci ita ce shaidar mallaka da mutane suka fi sani da C of O, wadda galibi ke ɗaukar shekara 99 ga filin zama. Takardar cinikin da ke hannunki tana da muhimmanci ƙwarai, ki adana ta da kyau, domin ita ce ke nuna yadda filin ya zo hannunki. Amma ba ta nuna ko an taɓa ba wani wannan filin a baya, ko kuwa yana cikin wurin da gwamnati ta keɓe don makaranta ko hanya. Wannan bayani yana wurin KADGIS, hukumar da ke riƙe da rajistar filaye da taswirorin jihar a kwamfuta, kuma ta nan ne ake neman shaidar mallaka. Da so samu ne, mai saye ya nemi a bincika masa fili kafin ya biya kuɗi ya ba dillali la'adarsa. Na daɗe ina jin takaicin yadda mutanenmu ke jinkirta wannan mataki, musamman mata da marayu, waɗanda sau da yawa ɗan abin da suka mallaka a duniya ke nan.

KASUPDA kuma, wato hukumar tsara birane ta jiha, ba ruwanta da wanda ya mallaki fili, ginin da za a ɗora a kai shi ne hurumin ta. Za ki kai mata zanen gida daga ƙwararren mai zane tare da takardun filin, ta duba ko an bar tazara daga titi, ko ginin bai toshe magudanar ruwa ba, ko bai shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba. Duk wanda ya ga yadda Kogin Kaduna ke cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, ya shiga gidajen da ke gaɓarsa, ya san wannan dubawa ba wahalar da mutane ba ce kawai. Jan fentin da kike gani an shafa a jikin wasu katangu alama ce ta cewa hukumar tana da magana a kan ginin, kuma ya fi sauƙi mutum ya jira izini da bulonsa a jibge, da ya kai gini linta sannan a tsayar da shi. Duk kuɗin da za ki biya, ki biya ta banki ko ta hanyar da gwamnati ta tanada, ki karɓi rasit, domin tun dokar haraji ta 2016 aka hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu, aka kuma ɗora tara kuɗin shiga a kan KADIRS, hukumar tara haraji ta jiha.

Tambaya: Iskar farkon damina ta kwashe rufin ajujuwa biyu a firamaren garinmu, yara suna karatu a gindin bishiya. Wa za mu kai wa kuka? Daga wani dattijo a yankin Kauru.

Amsa: Baba, Allah Ya saka maka da alheri da ka damu da wannan. Makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, amma hanyar zuwa gare ta tana bi ne ta kwamitin al'umma mai kula da makarantar da shugaban makaranta, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku. Dokar tarayya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya don ilimin farko, kuma kafin jiha ta karɓi tallafin gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta, ta kuma gabatar da jerin ayyukan da za ta yi. Wannan ne ya sa shigar da sunan makarantarku cikin jerin da wuri yake da amfani. Ku rubuta takarda mai kwanan wata, ku haɗa da hotunan ajujuwan da adadin yaran da abin ya shafa, dagaci da shugaban kwamiti su sa hannu, ku riƙe kwafi mai hatimin ofishin da ya karɓa. Idan iskar ta taɓa gidajen jama'a ma, sai ku sanar da SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ta hannun ƙaramar hukuma.