Kwamitin hukumar kula da yara masu laifi a jihar Teksas ta Amurka zai iya sakin ɗan yayana?

Ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kana so ka kai kukan yaron da aka tsare gaban kwamitin, amma ba su ke yanke hukunci ba, alƙalin kotun yara ne; saki kuwa yana hannun alƙalin ko jami'an hukumar, gwargwadon irin hukuncin. Gwamna ke naɗa membobin, aikinsu tsara ƙa'idoji, kasafin kuɗi da naɗa shugaban hukumar, wadda ake kira TJJD a taƙaice, aka kuma kafa ta a 2011. 

In ana cin zarafinsa a ciki, akwai ofishin mai sa ido mai zaman kansa, can za ka fara. Maganar saki kuwa, nemi lauyan da ya ƙware a shari'ar yara, kuma kada yaron ya sa hannu a wata takarda kafin ya gan shi.