Amsar Yaya kan robot ɗin Lego mai rikiɗa ya zama mota

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanina, na ga hoton da ka turo jiya da dare, na kuma ji ƙorafinka, wai robot ɗin da ka haɗa da bulon Lego yana tsayuwa ƙalau, amma da ka zo naɗe shi ya koma mota sai hannuwa su zube, in ka miƙar da shi kuma ya kifa ta fuska. To bari in yi maka murya, rubutu zai yi tsawo.

Ka san inda ka yi kuskure? Ka fara gina mutumin ne ka ƙawata shi, sannan ka zo kana roƙonsa ya zama mota. Ba zai yarda ba. Mota ake fara ginawa. Ita ce mai tsauri, dole tayoyi huɗu su taɓa ƙasa, dole gefe da gefe su yi daidai, ba ta da wurin ɓoye aibi. Shi kuwa robot, ko kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya girma, mutane za su ce salo ne. Don haka ka gina motar, ka zuba mata ido kamar mahauci yana kallon rago: nan ƙirji, nan cinya, nan hannu zai fito. Kai kuma, wato kan robot ɗin, shi ne abin da kowa ke mantawa da shi. Ka bar masa ɗan rami tun farko, in ba haka ba a ƙarshe za ka ga mota tana tafiya da kan mutum a saman rufi.

Dubi Optimus Prime, robot ɗin nan na Transformers, wanda kamfanin Lego ya fitar a 2022 tare da kamfanin kayan wasa na Hasbro. Bulo 1,508 ne, tsayinsa kusan santimita 35, kuma yana rikiɗa ya zama kan motar tirela ba tare da an cire masa komai an sake ginawa ba. Gilasan gaban motar su ne ƙirjinsa, bayan motar kuma ƙafafunsa. Wannan tsarin tun daga abin wasan 1984 yake, wanda asalinsa na kamfanin Takara ne na Japan. Wato tun can mota ce aka yanyanka ta zama mutum. Kar ka haɗa shi da irin waɗancan da aka rubuta uku-a-ɗaya a kwali, su sai ka wargaza duka ka sake gini, wannan ba rikiɗa ba ce.

Yanzu maganar faɗuwa. Gaɓoɓi ne, ƙanina. Na ga ka sa irin ƙaramar mahaɗar nan mai ɗan ƙwallo da ke shiga kwarmi, a gwiwa da ƙugu. Waɗannan ƙananan sun yaɗu ne da jerin kayan wasan Lego mai suna Mixels a 2014, kuma suna da daɗin aiki, suna juyawa ko'ina. Amma ba sa ɗaukar nauyi. Wuyan hannu, wuya, yatsu, nan ne wurinsu. Gwiwa da ƙugu sai mai ƙas-ƙas, wadda in ka lanƙwasa take yin ƙara tana tsayawa a mataki-mataki. In ba ka da ita, ka jera mahaɗa biyu kafaɗa da kafaɗa a gwiwa ɗaya, riƙon zai ninka. Su kansu masu kamfanin sun sha wannan wahalar. Voltron ɗinsu na 2018, zakuna biyar da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya, bulo 2,321, ƙafafunsa a sandare suke, don nauyin ya yi yawa. To in su da suke ƙera abin a Billund ta ƙasar Denmak suka haƙura da lanƙwasa ƙafa, kai ma ka rage buri kaɗan.

Sannan tafin ƙafa. Naka gajere ne, ga kaya ka lafta masa a ƙirji. Ka sa masa diddige mai naɗewa, ko kuma yatsun gaba su fito da tsawo, in za a koma mota a tura su ciki. Saman jiki kuma ka bar shi da rami, kar ka cika shi da bulo. Nauyi ƙasa ake so.

Akwai wani ɗan lissafi da zai cece ka. Siraran bulon nan, falle uku ne ke yin tsayin bulo ɗaya. Falle biyar kuma daidai suke da faɗin ƙululu biyu, wato 'yan tudun nan da ke saman bulo, milimita 16 ke nan. Idan ka kwantar da wani sashe a gefe, kamar ƙofar mota da za ta zama garkuwar hannu, wannan biyar da biyun ne zai sa ya zauna daram babu giɓi. Ni sai da na ɓata kusan wata guda ina tura abu da ƙarfi kafin in gane haka, har na fasa maƙalai biyu.

Af, na kusa mantawa. Bulon da muke tsinta a gwanjo gauraye yake, na asali da na kwaikwayo. Na asali akwai sunan kamfanin a kan kowane ƙululu, da haruffa mitsi-mitsi. Ban ce na kwaikwayo ba shi da amfani ba, ka yi jikin mota da shi, ba komai. Gaɓa dai ka tsaya a na asali, don wasu na kwaikwayon sau goma ka lanƙwasa sun saki.

Mu da muka taso da motar kara da ta langa-langa, ai mun san ba a fara sa kwalliya sai gindin mota ya tsaya. Ka cire duk kayan adon nan, ka bar ƙashin kawai, ka naɗe ka buɗe sau ashirin. In bai zube ba, sai ka fara mayar da fata. In kuma kana tsoron ɓarna, akwai manhajar Studio ta BrickLink da ake gwada ginin Lego a cikinta, kyauta ce a kwamfuta, sai dai ba za ta nuna maka gaɓar da za ta saki ba, wannan sai hannu.

Ka ɗauko min hoton ƙafar daga gefe, da na bayan ƙugun, ka turo kafin la'asar in gani. A gaida su Umma.