Shin Doka Ta Hana Fasto Ko Limami Tallata Ɗan Takara A Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu ta bayan Isha'i. Wani ya ce a Amurka duk limami ko faston da ya hau mumbari ya ce a zaɓi wane, kama shi ake yi. Wani kuma ya ce ƙarya ne, ai fastoci ne suka goya Trump har ya ci zaɓe. A raba mana wannan gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Na farkon ya yi kuskure a batun kamu. Babu wanda ake kullewa a Amurka don ya ambaci ɗan takara a kan mumbari, domin gyaran farko na kundin tsarin mulkinsu ya kare 'yancin magana da na addini. Amma bai yi kuskure ba da ya ce akwai doka. Akwai ta, sai dai ba ta cikin dokokin laifi, tana cikin dokar haraji.

Ana kiranta Gyaran Johnson, da sunan Lyndon Johnson wanda ya shigar da ita a 1954 lokacin yana sanata daga Texas, kafin ya zama shugaban ƙasa. Masu tarihi da yawa na ganin ba coci ya nufa ba, wasu ƙungiyoyi ne da ke mara wa abokin hamayyarsa baya. Abin da ta ce a taƙaice: ƙungiyar da aka yafe wa haraji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, ko coci ce ko masallaci ko jami'a ko gidan marayu, ba za ta shiga yaƙin neman zaɓe don goyon bayan ɗan takara ko adawa da shi ba. Wadda ta karya, hukumar haraji ta IRS na iya janye mata yafiyar, ko ta ɗora mata tara.

Yafiyar nan gata biyu ce. Cocin ba ya biyan harajin kuɗin shiga, sannan wanda ya ba shi sadaka yana iya cire adadin daga kuɗin da za a yi masa lissafin haraji a kai. Gata na biyun shi ne mai tsoka, kuma shi ne dalilin da ake ta kai ruwa rana.

Iyakar da aka shata ba ta da faɗi kamar yadda ake zato. Fasto na iya yin wa'azi a kan zubar da ciki, auren jinsi, yaƙi ko baƙin haure iya son ransa. Coci na iya yi wa jama'a rajistar zaɓe, ya cika motoci ya kai su rumfa bayan ibadar Lahadi, kamar yadda cocin baƙar fata suka daɗe suna yi a kudancin ƙasar. Yana iya kiran 'yan takara su yi muhawara, muddin ya kira kowa kuma ya ba su lokaci daidai. Shi kansa faston, idan ya fita a matsayinsa na ɗan ƙasa, yana iya tsayawa a dandalin gangami ya ɗaga hannun wanda yake so. Abin da aka hana shi ne a yi haka da sunan cocin, a jaridarsa, da kuɗin sadakar da mabiya ke ba shi, ko a taron ibadarsa.

Tsakanin halal ɗin da haram ɗin akwai shubuha, kuma nan masu ra'ayin riƙau suka ƙware. A shekarun 1990 ƙungiyar Christian Coalition ta Pat Robertson, wani mai wa'azin Kirista a talabijin, ta riƙa raba takardun jagorar zaɓe a ƙofar coci: sunan ɗan takara a gefe, matsayinsa kan 'yan batutuwa a gefe. Ba a rubuta a zaɓi wane ba, amma yadda aka zaɓo tambayoyin ko makaho ya san inda aka dosa. Ta irin waɗannan hanyoyi, da gidajen rediyo da talabijin na addini, kusan kashi takwas cikin goma na fararen Kiristoci 'yan Ibanjelikal suka zaɓi Trump a 2016, 2020 da 2024. Mutumin naku na biyu bai yi nisa da gaskiya ba ke nan.

Hukunci kuwa da wuya ake yinsa. Misalin da kowa ke kawowa shi ne wani coci a jihar New York da ya sayi shafi guda cur a jaridun USA Today da Washington Times kwana huɗu kafin zaɓen 1992, yana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton, sannan a ƙasan tallan ya roƙi gudummawar da za a cire wa haraji. Wannan roƙon ne ya ƙara tona masa asiri. IRS ta janye yafiyarsa a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Daga 2008 wata ƙungiyar lauyoyi Kiristoci ta fara shirya wata Lahadi ta musamman da fastoci ke ambaton ɗan takara da gangan, su aika wa IRS wa'azin nasu, don a hukunta su su samu hanyar zuwa kotu. Hukumar ta yi kunnen uwar shegu. Dalili ɗaya shi ne wata doka ta 1984 da ta ce ba a binciken coci sai wani babban jami'in baitulmali ya rubuta hujjarsa, a aika takardar sanarwa, a ba cocin damar zama da hukuma tukuna. A 2009 wata kotu a Minnesota ta yi watsi da wani bincike saboda jami'in da ya sa hannu bai kai matsayin ba.

Trump ya yi alkawarin rusa dokar a Fabrairun 2017, ya sa hannu a wani umarni a Mayun shekarar, amma umarnin shugaba ba ya goge abin da majalisa ta rubuta. A Yulin 2025, a wata shari'a a Texas, IRS ta faɗa wa kotu cewa maganar da gidan ibada ya yi wa mabiyansa a lokacin ibada ta hanyoyin da ya saba ba ta saɓa wa dokar ba. Matsayin hukuma ne wannan, nassin dokar bai canza da shi ba. Bishop-bishop na Katolika ma sun fito sun ce su dai ba za su tallata kowa ba.

A ganina masu kukan an ɗaure musu baki suna da 'yar hujja, domin bai dace ma'aikacin haraji ya zauna yana auna kalmomin huɗuba ba. Amma damuwar masu kare sahihancin zaɓe ta fi nauyi, kuma ba ta shafi harshe ba, aljihu ta shafa. Wanda ya ba ɗan takarar tarayya fiye da dala 200, sunansa na fita a bainar jama'a, kuma ba a cire masa haraji. Coci kuwa ba ya ma cike takardar bayanin kuɗi ta shekara da sauran ƙungiyoyin agaji ke cikewa. Idan aka rushe dokar gaba ɗaya, attajiri zai iya zuba miliyoyi a asusun coci, a sayi tallan talabijin da su, a rage masa haraji, kuma babu mai sanin sunansa.

Ku lura da bambancin da ke tsakaninsu da mu. Dokar Zaɓe ta Najeriya ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, a sashe na 92, ta hana amfani da wuraren ibada wajen kamfen ko tallata ɗan takara ko sukarsa, sashe na 97 kuma ya sanya tarar da ta kai naira miliyan ɗaya ko ɗaurin wata goma sha biyu ga mai kamfen da addini ko ƙabila. A takarda tamu ta fi tasu tsanani nesa ba kusa ba. Batun kamun da abokinku ya jingina wa Amurka, a dokarmu aka rubuta shi, ko da yake duk wanda ya halarci huɗubobi da wa'azozi gab da zaɓen 2023 ya ga iya inda aikinta ya tsaya.