Kar ka yanke wa aikatau wutsiya

Ɗan'uwa, ka ce condicional na Sifaniyanci, wato sigar aikatau ta sharaɗi, ya rikita ka, ka rasa wane ƙarshe ake ba aikatau mai -ar, wane ake ba mai -er da -ir. Kwantar da hankalinka, a nan babu wannan rabon. Dukkansu kaya ɗaya suke ɗauka: -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Kuma ba a yanke komai. Yadda ka tarar da aikatau a ƙamus haka za ka liƙa masa: hablar ya zama hablaría, comer ya zama comería, vivir ya zama viviría. In ka sare -er ɗin ka ce comía, ka koma labarin da can, wato "nakan ci". Shi -íais sai a Sifaniya, mutanen Latin Amurka ba ruwansu da vosotros, wato "ku" ɗin da yake tafiya da shi.

Ma'anar kuwa muna da ita a gida, ita ce "da... da..." ɗinmu. Da ina da kuɗi da na sayi mota: si tuviera dinero, compraría un coche. Lura, condicional a "da" ta biyu yake zama. Bayan si tuviera ake cewa, malama za ta ja maka jan biro in ka rubuta si tendría. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan tarkon daga si j'aurais na Faransanci.

Aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa bin wannan ƙa'idar, goma sha biyu ne, kuma gindinsu ne ke canjawa, ƙarshen yana nan. Ni a nan na sha kunya. Shekarata ta farko a Balensiya ta Sifaniya na liƙa wa tener (mallaka) ƙarshen, na ce wa abokin aikina yo tenería, ya yi dariya har da riƙe ciki, ashe tenería majema ce, inda ake jemar fata. Tendría ake cewa. 'Yan ɗakinsa su ne pondría, saldría, vendría, valdría. Sai masu yar da e: podría, sabría, habría, cabría, querría. Sai diría da haría. In ka riga ka haddace tendré da haré na futuro, wato lokaci mai zuwa, gindin ɗaya ne, ka huta.

Wanda bakinka zai fi taɓawa kullum ma na ladabi ne. Me gustaría un café (zan so kofi), ko ¿podría repetir? (ko za ka maimaita?) idan sun zuba maka magana da gudu. Ka daddage a kan í ɗin, po-DRÍ-a, da shi kunnensu ke kama ka.