Amsar Kawu ga Rahila kan waƙar Kirsimetin gidanmu

Rahila 'yata, saƙonki ya iso ni lafiya. Kin ce mawaƙan matasa na majami'arku suna son su rera waƙar nan ta ƙungiyar mawaƙa Boney M, wato Mary's Boy Child, a sujadar safiyar Kirsimeti, sai wani dattijon ikilisiya ya hana, ya ce waƙar gidan rawa ce. Kina so ki san ko sa ta da muke yi kowace shekara a gida al'ada ce da muka gada daga Turawan mishan, in kuwa haka ne, me zai hana ta shiga majami'a.

Ba daga mishan muka same ta ba, ba ta kuma cikin waƙoƙin da aka koya mana daga Littafin Waƙoƙi muna yara. Hasali ma ba Boney M ne suka ƙirƙire ta ba. Mai ita wani baƙar fatar Amurka ne, Jester Hairston, jikan bayi, wanda aka haifa a 1901, ya kuma ƙare rayuwarsa yana koyar da ƙungiyoyin mawaƙa tsofaffin waƙoƙin ibada na mutanensa. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, karin waƙar tun farko don walimar zagayowar ranar haihuwar wani ya tsara shi, a salon kalifso na tsibiran Karibiyan, domin yawancin baƙin da aka gayyata mutanen can ne. Daga baya da aka nemi ya kawo waƙar Kirsimeti, sai ya ɗauko tsohon karin ya ɗora masa labarin da ke cikin Luka sura 2: Yusufu da Maryamu a Baitalami, rashin wuri a masauki, da makiyaya masu tsaron garke da dare da aka yi wa albishir. Kin ga ashe dattijon naku bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin karin ya fara zama a wurin shagali kafin ya san ƙofar ɗakin sujada.

Wanda ya fito da ita duniya shi ne Harry Belafonte, haifaffen birnin New York mai tushe a Jamaika, wanda ya ɗauke ta a faifai a 1956. A wancan lokaci a Ingila kowane mako ana lissafa faifan da aka fi saya a shaguna a jera su, kuma mawaƙa suna ɗaukar zama a kan gaba a makon Kirsimeti babbar daraja. Faifan Belafonte ya hau kan gaba a ƙarshen 1957, ya yi mako 7 a wurin, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 1 nasa a Birtaniya. Ina so ki neme shi ki saurara, domin a hankali yake rera ta, cikin natsuwa, kamar mai lallashin jariri. Wanda ya ji wannan ba zai taɓa kawo rawa a ransa ba.

Bayan shekara 21, a ƙarshen 1978, wani Bajamushe mai shirya waƙoƙi, Frank Farian, wanda shi ya kafa Boney M a Jamus ta Yamma, ya sake ɗauko ta. Ya ƙara mata sauri, ya sa mata kiɗan disko da ake yayi a lokacin, ya kuma liƙa mata wani sabon baiti na addu'a a ƙarshe. Mawaƙan huɗu duk 'yan asalin Karibiyan ne, Liz Mitchell 'yar Jamaika ce ke jan baƙi, don haka ana iya cewa karin ya koma hannun masu shi. Namijin nan da kike gani yana tsalle a bidiyo, Bobby Farrell, ba muryarsa ce a faifansu ba, ta Farian ce da kansa. Mu dai mun yi shekaru muna yaba wa mutumin da bai buɗe baki ba. Wannan sabon zubi ma ya hau kan gaba a Ingila, ya yi mako 4, Kirsimetin shekarar ta same shi a can, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 1.5.

Ta wannan hanya ta zo gidanmu. A 1981 suka fitar da kundin waƙoƙin Kirsimeti, kaset kuwa ya riga ya yi arha, gidajen rediyo suna sa shi, masu sayar da kaset a kasuwa suna ƙure shi tun farkon Disamba. Kakanki ne ya sayo mana namu, ya zama duk safiyar Kirsimeti, sa'ad da hazon hunturu bai washe ba, iyayenki mata suna kan murhu da shinkafa da miya, ana suyar cincin, ana jera kwanonin da za ku kai wa maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma sukan aiko mana da nasu da Sallah, wannan waƙa ce take tashi daga rediyon da ke bakin taga. Abin da kika ɗauka gadon kaka da kakanni ne, ni na girme shi, kuma na ga ranar da ya shigo gidan. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba, don ki san matsayinsa ne: abin tsakar gida ne, kamar sabon ɗinki da cincin, ba sashen tsarin sujada ba.

A ganina, kalmomin waƙar ba su da aibi ko kaɗan, kuma wanda ya ce kiɗa mai motsa jiki bai dace da majami'a ba, sai ya fara da Zumuntar Mata, waɗanda tulunsu da gangarsu suke tayar da ikilisiya tsaye kowace Lahadi. Amma dattijon nan wataƙila ya yi samartakarsa a lokacin da wannan kiɗa da gidajen giya suke tafiya tare, kunnensa yana jin abin da naku ba ya ji, kuma bai kamata yara su yi masa gardama a gaban jama'a ba. Ku tura shugaban mawaƙa ya same shi a gida, ya gaishe shi, ya sa masa ta Belafonte ya ji, sannan ya roƙi izinin ku rera ta a wannan salon mai sanyi, ko kuwa a bar muku ita a daren waƙoƙin Kirsimeti maimakon sujadar safe. In an yarda, ku rubuta sunan Hairston a takardar tsarin taro, ba na Boney M ba. In kuma an ƙi, ku haƙura bana, ki zo gida da ƙawayenki ku rera mana ita bayan an tashi sujada. Tsohon kaset ɗin kakanki yana nan cikin akwatina, sai dai ki zo da wayarki, domin rediyon ya daɗe da mutuwa. Ki gaishe mini da mahaifiyarki.