Shin "emphasize on" kuskure ne a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce, rubuta rahoto da Turanci na cikin aikina. Na rubuta "The committee emphasized on the need for clean water", sai shugaban sashenmu ya soke "on". Ni kuwa haka nake jin mutane suna faɗa, har a rediyo. Ina laifinsa? Kuma mene ne bambancin emphasize, stress, highlight da underline?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Shugabanki yana da gaskiya, kuma kuskuren ba naki ba ne ke kaɗai. Ya yi yawa a Turancin Najeriya har kunne ya saba da shi.

Emphasize aikatau ne so-karɓau, wato abin da ake jaddadawa yana binsa kai tsaye, ba wata kalma a tsakani. Daidai shi ne "The committee emphasized the need for clean water". A nan Hausa za ta taimake ki. Cewa muke yi kwamiti ya jaddada buƙatar ruwa mai tsabta, jaddada ta haɗu da buƙata ba shamaki. To haka emphasize take, haka ma stress.

Daga ina wannan "on" ta shigo? Daga suna ta fito. Emphasis ita ce sunan, kuma ita ce ke tafiya da "on": "place emphasis on", "put emphasis on", "lay emphasis on". Stress ma idan ta zo a matsayin suna haka take, "lay stress on". Sai mutane suka ɗauko "on" daga wurin suna suka liƙa wa aikatau. Don haka hanya biyu ce gare ki, ko "emphasized the need", ko "placed emphasis on the need". Irin wannan zamewar ce ake yi a "discuss about", inda discuss kaɗai ta isa.

Emphasize da stress kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dukansu suna karɓar suna, suna kuma karɓar "that" da jimla a bayanta: "The doctor stressed that the water must be boiled". A ganina stress ta fi dacewa da wurin da akwai gargaɗi ko gaggawa, kamar likita yana jan kunnen majinyaci. Sai dai ki kula, tana da wata ma'ana ta takura wa mutum, wadda matasa ke nufi da "don't stress me". Wannan ba ta da alaƙa da jaddadawa.

Highlight ita ce na fi so ki fahimta sosai, domin masu rubuta rahoto sun fi kowa buƙatarta. Ki tuna alƙalamin nan mai ruwan ɗorawa da ɗalibai ke shafa wa layi a littafi don ido ya faɗa kansa. Aikinta ke nan, ta fito da abu fili daga cikin tarin abubuwa. Shi ya sa sau da yawa ba mutum ne ke yin ta ba. Rahoto ne, ko bincike, ko wani abu da ya faru: "The report highlights the shortage of boreholes". Ambaliya ma tana iya highlight ɗin lalacewar magudanan ruwa, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Idan kwamitinku ya tsaya tsayin daka a kan wata magana, emphasize ko stress za ki sa. Idan kuwa alkaluman rahoton ne suka tona matsala, highlight ta fi zama.

Underline da underscore ma'anarsu ɗaya, asalinsu jan layi a ƙarƙashin kalma. Turawan Ingila sun fi amfani da underline, na Amurka sun fi son underscore, musamman a jaridu. Accentuate kuwa ta fi tafiya da abin da ido ke gani, kamar yadda kwalli ke ƙara fito da ido, ba kasafai za ta yi miki amfani a rahoton ofis ba. Insist daban take, nacewa ce, kuma ita kam tana ɗaukar "on": "insist on payment". Reiterate maimaitawa ce, saboda haka kada ki ƙara mata "again".

Game da rubutu, Amurkawa emphasize suke rubutawa da z. A Ingila ana rubuta emphasise da s, kodayake mawallafan Oxford z suke bi. Duk wanda kika zaɓa, ki tsaya a kansa daga farkon rahoto zuwa ƙarshe. Wajen furuci kuma a gaɓar farko ake ɗora nauyi, a emphasis da emphasize duka.

Shawara ɗaya zan ƙara, tunda rahoto kike rubutawa. Jimlar nan ta "cannot be overemphasized" daidai take a nahawu, amma an yi ta amfani da ita har ta sile. Maimakon ki ce ba za a iya kwatanta muhimmancin ruwa ba, ki faɗi ƙauyuka nawa ne ba su da rijiya, da nisan da yara ke tafiya ɗebo ruwa.